Hoton Majigi da Idon Alƙali: Nazari kan Tsofaffin Hotunan Ƙonni da Adar

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Magana ce mai hikima, sai dai ba kasafai ake tsayawa a tambayi wanda ya yi ganin ba, da inda ya tsaya, da waɗanda ya je ya nuna wa abin da ya gano. Abin da ya ta da wannan tambaya shi ne tsofaffin hotuna masu launi na ƙasar Ƙonni da Adar, waɗanda aka ɗauka daga shekarun 1960 zuwa na 1980, suke kuma dawowa gida yanzu ta intanet, daga waya zuwa waya. A cikinsu akan ga rumbunan laka jere a bayan gari, da mata a bakin rijiya, da raƙuma ɗauke da kaya ranar kasuwa, da tsoho mai rawani yana kallon nesa. Launinsu na da ɗaukar ido, har wanda ya tashi a wurin yakan yi mamakin ashe haka garinsu yake da kyau. Irin waɗannan hotuna ne malamin tarihi ke marmarin nuna wa ɗalibansa, su ne kuma ƙungiyar raya al'adu ke so ta ƙawata taronta da su.

Da yawa daga cikinsu an ɗauke su ne a kan wani irin fim da ake kira diyafo a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, wato hoton majigi. Wannan maƙala za ta duba abu guda: yadda fim ɗin kansa, da irin gasar da ake kai shi a ƙasashen Turai da Amurka, suka haɗu suka zaɓi abin da zai shiga hoto da abin da za a bari a waje. Malamin da bai lura da wannan ba, yana iya koya wa yara kallon garinsu da idon alƙalin da bai taɓa shan ruwan garin ba.

Mene ne hoton majigi?

Kalmar majigi ta girmi silima a bakin Bahaushe. Asalinta sunan wata fitila ce ta Turawa da ke haska zane daga gilashi zuwa bango, daga baya sunan ya koma kan silimar gwamnati da ake yawo da ita gari-gari. Hoton majigi jikan waccan fitila ne. Hoton da aka saba da shi yana da dodo, wanda daga gare shi ake wanke kofi ko nawa ake so a kan takarda. Shi kuwa diyafo ba shi da dodo. Guntun fim ɗin da ya kasance cikin kyamara a lokacin ɗauka shi ne hoton, tsawonsa milimita 36, faɗinsa 24, an sa shi cikin ɗan kwali mai santimita 5 kowane gefe. Ƙwaya ɗaya tak ke nan, kuma ba a ganin sa sosai sai an samu na'urar haskawa da wutar lantarki da ɗaki mai duhu.

Mafi shahara cikin irin wannan fim shi ne Kodachrome, wanda wasu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka ƙirƙiro, kamfanin Kodak ya fito da shi a 1935. Wankinsa na da wuya ƙwarai, domin ba a cikin fim ɗin launukan suke ba, a lokacin wanki ake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wurare ƙalilan ne a duniya ke iya aikin. Wanda ya sayi fim ɗin a Turai ya riga ya biya kuɗin wanki, sai ya sa shi cikin ambulan ya aika ta gidan waya zuwa Sevran kusa da Paris, ko Lausanne a Suwizalan, ko Hemel Hempstead a Ingila, bayan kwanaki ko makonni hotunan su iske shi a adireshinsa. Akwai kuma Ektachrome da Agfachrome da Fujichrome waɗanda wankinsu bai kai wancan wahala ba, amma su ma suna bukatar sinadarai da ruwa mai daidaitaccen zafi.

Ma'anar wannan a fili take. Hoton da aka ɗauka a kasuwar Badagishiri ko a gonar albasa ta Galmi, tilas ne ya bar ƙasar kafin a gan shi. Ko mai kyamarar na da niyyar alheri, ba shi da kofin da zai miƙa wa wanda ya ɗauka. Mutum ya ba da fuskarsa, fuskar ta ƙetare teku, ba ta dawo ba.

Masu kyamara a kan hanyar Ƙonni

Birnin Ƙonni mahaɗa ce. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai, fiye da kilomita 400 yamma, ta ratsa ta zuwa Maraɗi da Damagaram. A Tsarnawa hanya ta rabu zuwa Tawa da Agadas, kudu kuwa ga Illelar Nijeriya da hanyar Sakkwato. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai da yawa sun riƙa ƙetaro Sahara da tsofaffin motoci, su biyo ta Agadas da Tawa su sauko nan. Ban da su akwai malamai da injiniyoyi ƴan Faransa masu aikin haɗin gwiwa, da ƴan sa-kai na Peace Corps waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, da ma'aikatan mishan, waɗanda asibitinsu na Galmi ya buɗe a 1950, da ma'aikatan agaji da fari na 1973 da na 1984 suka kawo. A wancan zamani diyafo shi ne fim ɗin matafiyi, domin da shi ake ba da labarin tafiya a gida ko a majami'a ko a zauren ƙungiya.

Waɗannan baƙi ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ya shekara biyu a ƙauye ya ji Hausa, akwai wanda ya tsaya shan mai kawai. Sai dai kusan dukansu sun zo da wani hoton Nijar da suka riga suka gani a mujallu. Hoton kuwa na arewa ne: hasumiyar masallacin Agadas, da ayarin gishiri, da rairayin Tenere, da samarin Woɗaaɓe cikin kwalliyar gerewol, musamman bayan 1983 da Carol Beckwith ta fitar da hotunansu a mujallar National Geographic da littafin Nomads of Niger. Manomin Adar da ɗan kasuwar Ƙonni ba sa cikin wannan jeri. Idan suka shiga hoto, sai ta ƙofar da ta yi kama da shi: raƙumi, ko rawani, ko rijiya.

Zauren gasa da ƙa'idojinsa

Ƙungiyoyin masu sha'awar hoto tsohon abu ne a Turai. Ta Ingila, wadda daga baya ta zama Royal Photographic Society, an kafa ta a 1853. Ta Amurka, PSA, ta samu a 1934, sa'an nan a 1950 aka kafa FIAP a birnin Bern domin ta haɗa ƙungiyoyin ƙasashe. A ƙarƙashinsu akwai dubban ƙananan kulob a garuruwa, inda likita da akawu da mai ritaya ke haɗuwa da dare. Akan kashe fitila, a haska hoto na ƴan daƙiƙoƙi, a karanta takensa, alƙalai su ba da maki, a wuce na gaba. A manyan gasanni na ƙasa da ƙasa mutum kan aika hoto huɗu a kowane rukuni, kuma yawan waɗanda aka karɓa shi ke kai shi ga lambar girma.

Hoton da zai ci nasara cikin daƙiƙa biyar dole ya bugi ido nan take. Daga nan aka samu ƙa'idojin da kowane ɗan kulob ya haddace: abu ɗaya tak ya zama cibiyar hoto, a kauce wa sa shi a tsakiya, a nemi hasken hantsi ko na la'asar sakaliya, a samu ɗigon ja ko shuɗi mai ƙarfi, a kawar da duk abin da zai raba hankali. Bugu da ƙari, a rukunin hotunan tafiye-tafiye PSA ta daɗe da shimfiɗa sharaɗi cewa hoto ya nuna al'adar wuri kamar yadda aka iske ta, ban da wanda aka shirya domin kyamara.

Idan aka ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan ƙasar Ƙonni, sai a ga abin da suka share. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun tsakiyar shekarun 1960, abu ne mai raba hankali. Haka madatsun ruwa na Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani na Ƙonni, da manyan motocin da ke lodin albasar Galmi zuwa gaɓar teku, da ɗan makaranta riƙe da allon lekol, da rediyo a hannun makiyayi, da bokitin roba kusa da tulu. Mai neman maki yakan gusa taki biyu domin tulun ya shiga, bokitin ya fita. Hoto ɗaya bai yi ƙarya ba, amma idan aka tara ɗari sai su haifi wata ƙasa wadda agogonta ya tsaya, alhali a waɗannan shekaru ne yankin ya ga sauyi mafi girma a noma da ciniki da karatu. Ɗalibin da aka nuna wa su ba tare da bayani ba zai ɗauka kakanninsa ba su san ƙarfe da inji ba.

Akwai kuma abin da ido mai wucewa ba ya iya gani ko kaɗan. Garin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa kisan gilla a watan Mayu na 1899 yana riƙe da labarin ne a bakin tsofaffi, kamar yadda fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya nuna. Fadar Sarkin Adar a Illela gini ne kawai ga wanda bai san tarihin da Djibo Hamani ya rubuta a 1975 ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Abin da fim ya yi wa fuska

Labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuska ce abu na farko da diyafo ke tauyewa a ƙasar rana. Fim ɗin ba ya iya riƙe haske mai yawa da inuwa mai yawa a lokaci guda. Idan dattijo ya tsaya da farar riga da tsakar rana, mai kyamara na da zaɓi biyu: ya auna hasken rigar, fuska ta nutse cikin duhu, ko ya auna hasken fuskar, rigar ta ƙone ta zama fari fat ba zare ba aiki. A hoton takarda ana iya gyara wannan a ɗakin wanki, a diyafo kuwa abin da aka ɗauka shi ke nan.

Shawarar da ta zama ruwan dare tsakanin ƴan kulob ita ce a rage haske kaɗan daga abin da ma'auni ya nuna, domin launi ya ƙara kauri, sama ta yi shuɗi sosai, jar ƙasa ta yi jawur. Shawarar ta yi wa sama da ƙasa da atamfa daidai, amma kuɗinta daga fuskar baƙar fata ake biyan sa. Wannan ne ya sa a hotuna da yawa ake iya ƙirga zanen ƙwarya da saƙar tabarma, amma ba a iya gane wanda ke riƙe da su. Mutum ya zama maratayin tufafi.

Matsalar ba ta tsaya ga masu ɗauka ba. Shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa ɗakunan wanki domin daidaita launi yana ɗauke da hoton Baturiya ne, ana kiran sa katin Shirley, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Lorna Roth ta bi diddigin wannan tarihi a wani nazari da ta buga a 2009. Ashe ma'aunin da ake cewa na kimiyya ne, shi ma yana da wanda aka yi shi dominsa. Duk da haka, wanda ya damu da fuska yana da dabara: ya jira inuwar zaure, ko ya matso kusa, ko ya auna haske daga kuncin mutum. Duk waɗannan kuwa suna bukatar sallama da gaisuwa da zama. Saboda haka hasken fuska a tsohon diyafo shaida ce a kan irin zaman da aka yi tsakanin mai kyamara da mai fuskar.

Ƙauyen da ba shi da suna

Misali mafi shahara na wannan kallo bai fito daga hannun ɗan kulob ba, ya fito ne daga ƙwararren da ƴan kulob ke koyi da shi. A littafinsa La Terre vue du ciel na 1999, wanda aka sayar da miliyoyinsa aka kuma baje hotunansa a shingen lambun Luxembourg a Paris a 2000, Yann Arthus-Bertrand ya sa hoton wani ƙauyen Hausawa da ya ɗauka daga sama. Hoton gwanin kyau ne: gidajen laka masu kusurwa huɗu, da rumbuna masu siffar ƙwai, da hanyoyi kamar jijiyoyin ganye. Duk wanda ya san rufewar Adar zai gane ta. Mutanen duniya da yawa ta wannan hoto suka fara sanin ginin ƙasar.

Amma me aka rubuta a ƙarƙashinsa? Ƙauye kusa da Tawa, sai lambobin da ke nuna matsayinsa a taswira. An san inda yake da digiri da minti, ba a faɗi sunan da mazaunansa ke kiran sa ba. Daga sama rumbu zane ne. Daga ƙasa kuwa lissafi ne: damin gero nawa ya shiga, wa ke da ikon buɗe shi, zai kai iyali damina ko sai an tafi cin rani. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, balle wanda ya hau jirgi.

Ya dace a kwatanta wannan da aikin Nicole Echard, wadda ta yi shekaru tana bincike a Adar, ta kuma yi fim ɗin Noces de feu a ƙarshen shekarun 1960 a kan maƙeran da ke narka tama. Ita ma baƙuwa ce mai kyamara, amma aikinta na tafe da sunayen wurare da zuriya da kalmomin sana'a. Bambancin ba na launin fata ba ne, na tsawon zama ne da yawan tambaya.

Ɗakin hoto na gari: wani ma'auni

A daidai lokacin da diyafo ke fita waje, ana yin wani irin hoto da ke zama a gida. Masu ɗakin hoto a garuruwan Nijar, waɗanda da yawansu Yarabawa ne kamar yadda Erika Nimis ta nuna a littafinta na 2005, suna ɗaukar hoton katin shaida da na sallah da na aure da na suna, baƙi da fari, su wanke da kansu. A Yamai Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya adana rayuwar matasan birni bayan samun ƴancin kai. Daga shekarun 1980 injinan wankin hoto mai launi suka shigo manyan garuruwan Afirka ta Yamma, sana'ar ta sauya, amma manufarta ba ta sauya ba.

A nan alƙali shi ne mai biyan kuɗi, kuma ƙa'idarsa kishiyar ta kulob ce. Kulob na son wanda aka ɗauka bai shirya ba, shi kuwa Bahaushe shiri shi ne hoton. Sai ya yi wanka, ya sa rigar da ya fi so, ya gyara zaman hula, mace ta ɗaura kallabi ta sa kwalli da lalle, a zauna a tsakiya, a fuskanci kyamara, a fito tun daga kai har ƙafa. Agogo da rediyo da keke, waɗanda ɗan kulob ke gudu, su ake jawowa kusa. Abin da ake nema shi ne kamala da sutura. A ɗauki mutum cikin ƙura da gumi, ko mace tana shayarwa, ko yaro ba riga, a kai wa baƙi su kalla, wannan a ma'aunin gida tozarci ne ko da launinsa ya kai na bakan gizo. Abin da wancan zaure ke kira gaskiya, wannan na kiran sa rashin kunya. Abin da wannan ke kira mutunci, wancan na kiran sa shiri.

Duniya ta daɗe kafin ta gane darajar hoton ɗaki. A 1991 an baje hotunan Seydou Keïta na Bamako a New York ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu aka gano shi. An fara bikin hotuna na Bamako a 1994, kuma a 2007 Malick Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Venis. Darasin da ke ciki ga Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne, akwatin dodon hoto da ke ƙarƙashin gadon tsohon mai hoto bai gaza diyafon Bature daraja ba.

Abin da ya cancanci yabo

Adalci ya wajaba. Ba don diyafo ba, da launin wancan zamani ya ɓace, domin hoton gida baƙi da fari ne. Shi ya riƙe ƙyallin shuni a rawani, da launin saƙi, da yawan itatuwan da ke kwarin Magiya kafin fari. Kodachrome, idan an ɓoye shi a duhu, yakan riƙe launinsa fiye da shekara hamsin. Wasu tarin sun samu mazauni nagari, kamar na Eliot Elisofon, mai ɗaukar hoto na mujallar Life da ya rasu a 1973, wanda dubban hotunansa na Afirka, har da Nijar, ke gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Fim ɗin kuma malami ne mai tsanani. Hoto 36 ne a naɗi guda, kowanne da kuɗinsa, ba gyara ba yanka, ba a ganin sakamako sai bayan makonni. Wannan ya koya wa masu shi haƙuri da karanta haske, abin da mai waya da ke ɗaukar ɗari cikin minti ɗaya ba ya samu. Kulob ɗin ma na da abin koyi: mutane su zauna tare, su kalli aiki ɗaya, su faɗi ra'ayi a fili, mai aikin ya saurara. Nijar ba baƙuwar irin wannan zama ba ce. Kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 sun tara jama'a su saurari shiri su tattauna, kuma a shekarun 1960 masu yaƙi da jahilci sun gwada haɗa darasin rediyo da hotunan da ake haskawa a bango. Laifin ba a na'urar yake ba, yana ga wanda aka hana kujera a zauren.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi

Zamanin diyafo ya wuce. Kodak ta daina ƙera na'urar haskawa a 2004, ɗakin wanki na Lausanne ya rufe a 2006, an daina yin Kodachrome a 2009, kuma wuri na ƙarshe da ke wanke shi, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Ektachrome ya dawo kasuwa a 2018, amma ga ƴan ƙalilan masu sha'awa. Waɗanda suka ɗauki hotunan sun tsufa, magadansu ke juya su zuwa kwamfuta ko su zubar. A wannan ɓangare kuma, waɗanda za su iya duban hoto su ce wannan wane ne ɗan wane, su ma suna tafiya. Yarinyar da aka ɗauka a bakin rijiya a 1970 ta haura sittin yanzu.

Abu na farko shi ne zaman sanya suna. A haska hoton a bangon makaranta ko gidan al'adu, a gayyato dattawa maza da mata, a rubuta abin da suka faɗa: sunan gari da unguwa, da sunan tufa da kayan aiki, da lokacin shekara, da sunan mutum idan danginsa sun yarda. Wanda dangi suka ce a rufa masa asiri, a rufa. Hotunan bukukuwan gargajiya irin na Masallata kuwa, masu abin su ke da ikon cewa wanne ya dace a nuna.

Na biyu, malami ya koya wa ɗalibi yi wa hoto tambaya kamar yadda ake yi wa mai ba da labari. Wa ya ɗauka? Ina ya tsaya? Mai hoton ya san ana ɗaukar sa? Me ke gefe da aka bari a waje? A ajiye diyafon baƙo kusa da hoton ɗaki na shekara guda, a bar yara su gano bambancin da kansu.

Na uku, a nemi tsofaffin masu ɗakin hoto da magadansu tun gara da zafi da laimar damina ba su gama da abin da ya rage ba. Fim na son wuri mai sanyi, busasshe, mai duhu, kuma asali ba a yawan haska shi, kofinsa ake nunawa.

Na huɗu, idan ƙungiya za ta shirya gasar hoto ga matasa, kada ta ari ma'aunin wani ta yafa. Akwai abin koyi a filin kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. A can ba a yabon ɗan kokowa sai an ambaci sunansa da garinsa, kuma hukunci a gaban jama'ar da suka san shi ake yanke shi. Haka ya kamata gasar hoto ta kasance: kowane hoto ya zo da suna da wuri da kwanan wata da bayani cikin Hausa, da shaidar cewa mai fuskar ya yarda kuma ya karɓi kofinsa. A ba haske da tsari makinsu, a kuma sa cikin alƙalai wanda ya san sana'ar da aka ɗauka. Ma'aikacin siminti da mai lodin albasa da malamar asibiti su samu rukuninsu kamar yadda raƙumi ya samu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kyan tsofaffin hotunan majigi na Ƙonni da Adar kyau ne da aka auna da mudun wata kasuwa. Fim ɗin ya tilasta wa hoto fita waje, gasa ta zaɓi abin da zai shiga cikinsa, neman launi kuma ya rufe fuska. Wannan bai sa a yi watsi da su ba, domin shaida ce da babu irinta. Abin da suke bukata shi ne abin da aka hana su tun farko, wato suna da bayani da izini, kuma waɗannan ba a Paris ko Washinton suke ba, suna bakin tsofaffin Ƙonni da Malbaza da Illela. Idan aka yi jinkiri, hotunan za su rayu, amma mutanen cikinsu za su tabbata baƙi a garinsu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.